Malamin Awakin Unguwar Kaɗanya

A Unguwar Kaɗanya, can bayan Bagwai, kalmar "Malam" ba ta da tsada. Mai facin taya Malam ne, mai yankan farce Malam ne, har Usaini da bai taɓa riƙe biro ba sai in zai sosa kunne, in ka kira shi ba ka sa Malam ba sai ya yi kamar bai ji ba. Mutum ɗaya rak wannan rabo ya tsallake, shi ne Mala.

Ba asalinsa aka raina ba. Kakansa Babarbare ne, fatauci ya kawo shi daga Borno ya zauna, kuma har ya bar duniya ana ganin girmansa. Matsalar Mala ita ce duk sana'ar da ya taɓa sai ta bar masa suna. Shekarar da ya shuka kankana a bakin dam ɗin Watari ya rantse sai an kira tirela ranar ɗiba, aka kwaso ta a kan jaki ɗaya, jakin ma bai yi gumi ba, ya zama Mala Kankana. Shekarar da ya gyara wa maƙwabcinsa injin ban-ruwa, injin ya koma zuƙe ruwan gona yana mayar wa rafi, ya zama Mala Inji. Kai, har matarsa Yakaka, a garin da kowace mace take kiran mijinta Malam kyauta, ita "Baban Fadima" take ce masa. Abin yana cin ransa, wallahi yana cin ransa, sai dai bakinsa ba ya tsayawa balle a gane.

Ana tsakiyar damina, gero ya kai kafaɗa, wake ya fara yaɗo, sai mai unguwa Dabo ya tsayar da mutane bayan sallar la'asar. Ya ce ƙaramar hukuma za ta buɗe wa magidanta ajin yaƙi da jahilci, har da ɗan Turancin da mutum zai karanta jikin kwalbar maganin feshi kada ya kashe gonarsa da hannunsa. Ya ce nan da mako uku, ranar Laraba, wani jami'i Malam Uzairu zai zo ya ga wanda za a ba koyarwar.

Kowa ya waiwaya ya dubi Abdulkabir, wani magidanci mai shiru-shiru da ya gama NCE ya dawo gida yana noma. Kafin Abdulkabir ya gama sunkuyar da kai, Mala ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, a daina nema. Ga malami."

Baba Mati, wani dattijo da ba a taɓa faɗar magana a gabansa ta wuce lafiya ba, ya leƙa bayan Mala. "Ina yake? Ɗan matsa mu gan shi."

"Wata huɗu na yi a Fatakwal," in ji Mala. "Har mafarki da Turanci nake yi."

"A kan buhun albasa ka yi wata huɗun, mai albasar kuma ɗan Bichi ne," in ji Baba Mati.

"Masu sayen fa? Da Larabci suke tayawa?"

Mai unguwa Dabo mutum ne da ba ya son hayaniya. Ya ce kowa ya tara ɗalibansa ya fara, in jami'i ya zo idonsa ya raba gardama.

To, gaskiyar da Mala bai faɗa ba ita ce Turancin Fatakwal ɗin ya daɗe da zubewa a hanya, abin da ya rage bai wuce na ciniki da na zagi ba. Amma Allah ba ya hana wawa sa'a. Ranar kasuwar Tsanyawa ya sayi tsire, aka naɗe masa a wata takarda, yana gama ci ya ga ashe shafi ne daga littafin Turanci na 'yan makaranta. Shafi ɗaya ne tal, mai ya cinye ƙasansa, ƙuli-ƙuli ya manne a gefe, amma samansa ya fito raɗau. Darasi ne a kan yadda ake magana in mutane sun yi yawa, da misalai uku a tsakiya. Mala ya ninke shi ya sa a aljihun gaba, ya shiga mota yana kallon sauran fasinjoji da tausayi.

Makaranta ba ta yiwuwa sai da allo. Ya dawo gida ya tarar Yakaka ta shiga maƙwabta, ya ɓalle ƙyauren ɗakinta, ya fasa tsofaffin batura ya shafe shi da baƙinsu. Da ta dawo ta tarar da kaji uku a kan gadonta.

"Baban Fadima, ina ƙofata?"

"Ta samu ci gaba. Tana aikin gwamnati."

"Ni kuma in kwana da kaji?"

"Matar malami takan yi haƙuri. Mako uku ne."

Ya jingina ƙyauren a gindin kaɗanyar bakin masallaci, mutum goma sha huɗu suka zo, yawancinsu don kallo. Mai unguwa ya zo sa albarka, ya ɗan jingina da allon yana addu'a, ya tashi da rabin darasin a bayan farar rigarsa. Ba wanda ya faɗa masa. Ya tafi gida ana karanta shi.

Mala ya buga sanda a ƙasa. "Ku buɗe kunne. Bature mutum ne mai ƙidaya. Kafin ya buɗe baki sai ya duba, abin nan ɗaya ne ko da yawa? In ɗaya ne ya ce is. In sun kai biyu ya ce are. We are, mu ke nan. They are, su ke nan. You are, ku ke nan. Ku maimaita!"

Suka maimaita, har tsuntsayen kan kaɗanya suka tashi.

Baba Mati ya ɗaga hannu. "To in kai kaɗai nake yi wa magana fa?"

Mala ya saci kallon takarda. "You are."

"Kai ka ce sai an kai biyu. Ko kai biyu ne?"

Bayanin wannan yana daidai inda man tsire ya cinye. Mala ya yi gyaran murya, ya gyara hula. "Ladabi ne. Kai in za ka yi wa mai unguwa magana, 'kai' kake ce masa ko 'ku'? To Bature kowa mai unguwa ne a wurinsa."

Aji ya ɗauki "Allahu Akbar". Abdulkabir, da yake wucewa da fartanya a kafaɗa, ya ɗan tsaya, ya buɗe baki, ya rufe, ya wuce. Mala ya ce wa ɗalibai sun gani da idonsu, mai NCE ya sallama.

Mako biyu ana kan shafin nan. An karanta shi daga sama zuwa ƙasa, an karanta shi daga ƙasa zuwa sama. Misalan nan uku, musamman na ƙarshe, They are eating, wato suna ci, har a gona sai ka ji wani ya sake shi yana noma. Sai Mala ya ga ya kamata ranar zuwan jami'i a nuna abin a aikace, kada a ce hadda ce kawai.

"Baba Mati, taso. Usaini, taso. Ku tsaya kafaɗa da kafaɗa ku ce We are farmers, wato mu manoma ne."

Duk garin an san shekara bakwai ke nan Baba Mati da Usaini ba sa ga-maciji. Gonakinsu suna manne, a kan iyakar kuma akwai wani tushen gamba da kowannensu ya rantse ubansa ne ya dasa. An je gaban mai unguwa sau biyar, gamban yana nan, gabar tana nan.

"Mu?" in ji Baba Mati. "Ni da wa?"

"Kai da Usaini mana. Misali ne."

"Ni manomi ne. Wancan kuwa mai matsar da iyaka ne. Yaya ake faɗar wannan da Turanci?"

Usaini ya dubi Mala, don shi ba ya duban Baba Mati. "Mala, gaya wa wannan tsohon, in ana maganar matsar da iyaka ya rufe bakinsa, don gamban nan ya san mai shi."

"Gaya masa gamba ba ya magana, da ya tona masa asiri!"

Kafin a ce kwabo dangin wannan sun miƙe, dangin wancan sun miƙe, benci ya kife, allo ya faɗi a kan ƙafar ladan. Da ƙyar aka raba. Washegari ɗalibai tara suka zo, su ma sun zauna ɓangare biyu, an bar fili a tsakiya kamar za a wuce da amarya.

Mala ya koma gida yana tsaki. Ya ce mutanen garin nan ba su dace da misali ba, ilimi yana son halittar da ba ta da rigimar gona. Yana faɗar haka idonsa ya sauka a kan akuyar Yakaka tana tuƙa a turke. Ya daɗe yana kallonta. Yakaka, da ta shekara ashirin da biyu tana ganin irin wannan kallon kafin kowace masifa, ta ajiye muciya.

"Ko me kake tunani, a'a."

"Akuya ɗaya, is. Awaki da yawa, are. Jami'i zai gani da idonsa. Ko a Kano ba a taɓa koyarwa haka ba."

"Baban Fadima, damina ce fa."

Ga wanda bai san Unguwar Kaɗanya ba, a nan gona daga bakin ƙofa take farawa. Babu daji, babu makiyaya, in ka miƙa ƙafa daga zaure a kunyar wani za ta sauka. Saboda haka ranar da aka yi ruwan shuka sankira yake zagayawa da shela, kowa ya ɗaure dabbarsa, ba mai kwancewa sai an kai amfanin gona gida. Da rana a fito da su bayan danga a ɗaure a inuwar darbejiya, a yanko musu ciyawa. Wanda akuyarsa ta tsinki ko ganye ɗaya na wani, sai gaban mai unguwa. Yaron goye ma ya san wannan. Awakin garin sun yi wata uku a turke suna shaƙar ƙanshin wake ta saman danga, ba su taɓa ba.

"Akuyar da ta yi wata uku a ɗaure ba ɗaliba ba ce," in ji Yakaka.

"Ke me kika sani a harkar ilimi?"

"Na san akuya."

Ya bi gida-gida neman aro, matan suka kore shi ɗaya bayan ɗaya. Inna Kaltume, mai wata ƙyallar akuya da ta taɓa cin igiyarta ta ci ta maƙwabciyarta, ta ce masa ta bayan danga in ya taɓa mata dabba sai ya gane Borno gabas take.

Ranar Laraba sai abin ya zo wa Mala a daidai, ko kuma a karkace, ya danganta da wanda ka tambaya. Ana suna a ƙauyen gaba, bayan azahar matan garin suka ɗunguma suka tafi. Mala ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya ɗauko igiyar rijiya, ya bi inuwar darbejiya yana kwancewa yana ɗaurawa. Awaki goma sha ɗaya da bunsuru ɗaya. Da ya iso gindin kaɗanya ya tuna hannu ɗaya na alli ne, ɗaya na sanda, sai ya ɗaura bakin igiyar a ƙugunsa, ya yi mata ƙulli biyu don kada ta kwance.

Malam Uzairu ya iso a babur da fayil a hammata. Mutum ne mai natsuwa, ya gaisa da kowa, ya zauna kusa da mai unguwa a benci. Duk garin ya fito, har waɗanda suka daina zuwa aji.

Mai unguwa ya dubi awakin, ya dubi Mala. "Waɗannan fa?"

"Kayan aiki ne, ranka ya daɗe."

"Masu su sun sani?"

"Za su sani."

Mala ya jawo akuyar Yakaka gaba, ya nuna ta da sanda. "It is a goat!"

"It is a goat!" in ji aji.

Malam Uzairu ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu a fayil. Mala ya ga rubutun nan, sai ya ji kansa ya yi girma har hular ta matse shi. A ransa ya riga ya ji ana cewa "Malam Mala, ina kwana", ya riga ya zaɓi yadda zai riƙa amsawa, a hankali, ba tare da ya waiwaya da sauri ba. Ya zaro shafinsa daga aljihu don jami'i ya san da littafi ake aiki, ya riƙe shi a baya, ya buɗe hannu ɗaya ya nuna garken duka.

"They are goats!"

Ƙyallar Inna Kaltume ta ji ƙanshin ƙuli-ƙuli. Ta miƙa wuya ta karɓi shafin daga hannunsa cikin ladabi, ta tauna, ta haɗiye.

"Ta cinye makarantar," in ji Baba Mati.

"Yana kaina," in ji Mala. "Duka yana kaina."

Sai iska ta kaɗo daga gabas, ta biyo ta kan gonakin wake. Awakin suka ɗaga kai gaba ɗaya. Bunsurun ya yi wani atishawa, ya taka ƙafa ɗaya gaba.

"Stop!" in ji Mala, ya juyo ya yi wa jami'i murmushi. "Suna jin Turanci."

Ba sa ji. Igiyar ta miƙe, ta shaƙe babbar rigar a ƙugu, Mala ya yi taku uku da gudu yana cewa wannan ma cikin darasi ne. A taku na huɗu igiyar ta harɗe ƙafar benci, mai unguwa da jami'i suka tafi ta baya ƙafafu a sama. Ƙyauren Yakaka ya biyo su. A taku na biyar Mala ya daina taku, ya koma tafiya da ciki.

Daga kaɗanya zuwa gonakin ba nisa, amma akwai kwatar masallaci a tsakani, kuma an yi ruwa jiya. Ta nan suka bi da shi. Da suka isa, awaki shida suka yi dama suka faɗa waken Baba Mati, biyar suka yi hagu suka faɗa na Usaini. Igiya ta ja nan ta ja can, Mala yana tsakiya, ya rasa abin kamawa sai tushen gamban nan na kan iyaka. Ya rungume shi da hannu biyu. Gamban da shari'a biyar ba ta motsa ba ya tuge da saiwarsa, bunsurun ya tsaya a kansa ya fara ci.

Baba Mati ya iso yana haki. Ya ga wakensa yana shiga bakin awaki, ya juya ya ga jami'i yana tahowa yana kakkaɓe riga. Shi a saninsa hukuma ba ta jin ƙara sai da Turanci, sai ya kama hannun Malam Uzairu yana nuna gonar.

"They are eating! They are eating!"

"Daidai ne, Baba," in ji Malam Uzairu. "Ba kuskure ko ɗaya."

Daga cikin kunya, fuska duk taɓo, Mala ya ɗago kai. "Ɗalibina ne! A rubuta!"

Ƙulli biyun nan ya ƙi kwantuwa, sai da aka kawo lauje aka yanke igiyar. Yanke ta kuwa ya saki awakin, kowace ta kama gabanta, magidanta goma sha tara suka bazu cikin gonaki suna bin su, abin da awaki ba su ci ba ƙafafu suka tattake. Ana cikin haka matan suka dawo daga suna. Muryar Inna Kaltume aka fara ji tun daga bakin gari. Yakaka kuwa ba ta bi ta kan gonakin ba. Ta wuce gindin kaɗanya, ta ɗauki ƙyaurenta ta ɗora a ka, ta kama akuyarta, ta yi gida.

Aka zauna a ƙofar mai unguwa kafin magariba. Baba Mati da Usaini suka zo tare, suka zauna a tabarma ɗaya.

"Ranka ya daɗe, mu dai an cuce mu," in ji Baba Mati.

"Ku?" in ji mai unguwa. "Kai da wa?"

"Ni da ɗan'uwana Usaini."

"Gamban fa?"

"Yana cikin bunsuru," in ji Usaini. "Wanda yake so ya bi shi."

Mala ya miƙe ya ce a lura, abin da aka kasa shekara bakwai shi ya gama shi a yini ɗaya, kuma wannan ma aikin malami ne. Mai unguwa ya ce ya zauna. Ya yanke cewa Mala zai yi wa gonakin biyu aiki har girbi, kuma tunda shi ya ɗanɗana wa awakin nan wake, ba za su ƙara yarda da turke cikin sauƙi ba, don haka ciyawarsu ta kowace safiya tana wuyansa, su goma sha biyun, har a kwance dabbobi.

Malam Uzairu ya rufe fayil ya ce Abdulkabir zai fara aji ranar Asabar. Ashe da safe ya biya ta zauren Abdulkabir ya tarar da mutum shida suna karanta jikin kwalbar maganin feshi, ba akuya ko ɗaya.

"To ni wane matsayi aka ba ni?" in ji Mala.

"Akwai wuri a bencin gaba," in ji Malam Uzairu, ya tayar da babur.

Kwana uku Mala bai yi wa kowa maganar Fatakwal ba. Kullum da sassafe sai ka gan shi da damin ciyawa a ka yana bin inuwar darbejiya, awakin kuwa sun gane shi, tun daga nesa suke miƙewa suna kuka. A rana ta huɗu ya yi kiciɓis da Baba Mati da Usaini za su gona.

"A'a, Malamin Awaki!" in ji Baba Mati. "An shiga aji?"

Mala ya tsaya cak da dami a ka. "Me ka ce?"

"Malamin Awaki."

"Ɗan sake faɗar na farkon."

Kafin azahar sunan ya zagaye gari, kafin Juma'a ya kai tashar Bagwai. Kankana da Inji suka kwanta, ba a ƙara jin su ba. Mala ya shigo gida ya tarar da Yakaka tana tankaɗe a bakin ƙofarta, wadda har yanzu in ka duba da kyau za ka ga They are a jikinta.

"Kin dai ji abin da ake kirana yanzu a gari," ya ce. "Na gaya miki mako uku ne."

Yakaka ta dube shi, ta dubi rigar Sallar da take shanye a igiya da tabon kwata har yau bai fita ba. A bayan danga ƙyallar Inna Kaltume ta ɗaga murya, sauran suka amsa. Ta miƙa hannu ta ɗauko lauje ta ba shi.

"Malam," ta ce, "ɗalibanka suna kira."

Shekara ashirin da biyu yana jiran kalmar nan daga bakinta. Ya karɓi laujen, ya gyara zaman hularsa, ya fita a hankali, bai waiwaya da sauri ba.